Gwaggon da Take Ƙarasa wa Mutane Magana

A sashen koyar da aikin malanta na wata jami'a, can ƙarshen baranda inda fanka ɗaya take juyawa ɗayar kuma ta daɗe da yin ritaya, akwai wani ɗan ofis mai taga guda. A nan sakatariyar sashen ta shekara talatin da ɗaya tana buga takardu. Gwaggo kowa yake ce mata, har farfesoshin da suka girme ta. Wani tsohon shugaban sashe ne ya laƙaba mata sunan, wai don ta san ranar da kowane malami ya fara shigowa da sabuwar jakarsa, ta kuma san waɗanda suka ɓuya bayan kabad ɗinta suka yi kuka ranar da aka soke musu babi na uku. Shugaban ya tafi, sunan ya zauna.

Tagar tana kallon wata bishiya da ba wanda ya san sunanta, ko da yake sashen nazarin tsirrai yana hawa na biyu. Idan rana ta karkata, inuwar ganyen takan shigo ta kwanta a kan teburi, ta riƙa motsi a kan takardu kamar ruwa a cikin tasa. A irin wannan lokaci Gwaggo takan bar hannuwanta su yi ta aiki, ita kuma ta tafi yawo. Ta daɗe da gano cewa yatsunta ba sa buƙatarta sosai.

'Yar tela ce. Ta taso tana tsintar allura a ƙarƙashin keken ɗinkin babanta, ta gama sakandare da sakamakon da ya isa ya kai ta jami'a. A shekarar ne idon baban ya fara dushewa, ga ƙanne biyar a bayanta. Maimakon jami'a sai ta tafi wani ɗaki a saman shagon takalma, inda tafireta ashirin suke ƙara lokaci ɗaya kamar ruwan sama a rufin kwano, ta yi wata tara tana koyon bugu. Daga baya ta shiga jami'ar, amma ta ƙofar ma'aikata. Takan ce duk ƙofa ƙofa ce. Ba wanda ya taɓa jin ta faɗi haka da ɗaci, sai dai takan faɗe shi sau da yawa.

Ubangidanta na farko wani dattijon magatakarda ne wanda bai taɓa kai magana ƙarshenta ba. Yakan tsaya a bakin taga, hannu a baya, ya ce, "Rubuta masa mun samu wasiƙarsa, kuma game da batun nan da ya kawo, mu dai a namu ɓangaren… to, kin dai gane." Ranar farko ta buga abin da ya faɗa daidai, har da ɗige-ɗigen. Ya karanta, ya cire tabarau, ya miƙo mata takardar da yatsu biyu.

"'Yata, wannan ai aku ma ya iya. Sakatariya ita ce wadda take ƙarasa wa ubangidanta magana."

Darasi ɗaya ke nan da aka taɓa ba ta a jami'a, ta kuwa riƙe shi da kyau. Ta ƙarasa wa magatakarda magana har ya bar aiki. Aka mayar da ita sashen malanta, ta ƙarasa wa shugabanni tara. Akwai wasiƙar ta'aziyyar da ta sa matar mamacin ta tako har ofis ta yi wa farfesa godiya, tana cewa ba ta san yana da taushin zuciya haka ba. Shi ma bai sani ba sai ranar. Gwaggo ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. Babanta ba ya miƙa wa mutum riga sai ya kalmashe bakinta, ko mai rigar bai ce a yi ba.

Sabo turken wawa, abin ya bi ta har gida. Maigidanta, tsohon direban bas ɗin jami'ar, yakan fara, "Wai ni kam ina…" ta ce, "Yana kan firji." Ya ce, "Ashe yaron nan…" ta ce, "Ya kira, sai ƙarshen wata zai zo." Yakan gaya wa surukinsu cewa shekara talatin rabonsa da ya ga ƙarshen maganarsa, har bai san ko nasa ƙarshen ya fi nata kyau ba. "Amma dai ana isa da wuri," in ji shi.

Saura shekara guda da 'yan watanni ta yi ritaya, Malama Ƙarama ta shigo da aikinta. Ita ce mafi ƙuruciya a malaman sashen. Gwaggo ce ta buga mata kundin digirinta na farko, lokacin tana zuwa da takalmi mai tsinkakken maɗauri tana roƙon a yi mata sauri. Yanzu digirin digirgir take yi, kuma tambayarta ɗaya ce: idan aka sa ɗaliban da suka fita koyarwar gwaji a makarantu su riƙa naɗar muryarsu a wata manhajar waya, minti uku kowane mako, suna faɗin abin da suka koya, shin tunaninsu zai ƙara zurfi? Ɗalibai arba'in ne, mako goma sha biyu. An cire sunayensu an ba kowa lamba, don kada a san wanda ya ce me.

Akwai manhajar da take mayar da murya rubutu, an kuma gwada ta. Ɗaliban suna gauraya harsuna, suna magana a bakin titi, wani ma yana tauna. Na'urar ta yi iya ƙoƙarinta, ta fito da shafukan da suka fi kama da sambatun mai zazzaɓi. Sai aka tuna da Gwaggo, kamar yadda akan tuna da fitila idan an ɗauke wuta.

"Gwaggo, ki taimake ni," in ji Malama. "Ga abin saurare na kunne, muryoyin duk na zuba miki a kwamfuta. Wannan kuma ƙa'idojin bugawa ne, shafi biyu kawai."

"Ƙa'idojin me?"

"Na yadda za a buga."

"Sannu, 'yar nan. Ajiye a nan."

Malama na fita, Gwaggo ta dubi takardar daga nesa, ta ga kaurinta ya yi daidai, ta ɗora butar shayi a kai don kada ta ɓata teburi. Macen da ta buga kundi fiye da ɗari uku, ba yarinyar da ta goya a aikin nan ce za ta koya mata bugu ba.

Bayan ƙarfe biyu baranda takan yi tsit. Gwaggo ta sa abin a kunne, ofis ya ɓace. Lamba Huɗu daga takarda yake karantowa, ana jin lokacin da yake juya shafi. Abin da yake zaton Malama tana so shi yake faɗa, kuma ba ya tuntuɓe. Lamba Sha Bakwai kullum a tashar bas take, tana magana da sauri kamar za a ƙwace wayar. Lamba Talatin da Biyu yana da jariri a ɗaki, cikin raɗa yake yin tunaninsa. A bayan muryoyin akwai famfo yana ɗiga, akwai cokali a cikin kofi, akwai wata uwa tana kiran wani ya zo ya kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Gwaggo ba ta san wace fuska ce ta wace lamba ba, amma ta san ɗakunansu. Wani lokaci takan ji kamar ita ce zaune a bakin gado a ɗakin kwanan ɗalibai, littattafai a cinya, shekarunta sha tara, ana jiran ta faɗi abin da ta koya.

Abin da ya dame ta shi ne yaran ba sa ƙarasa magana. Sukan taho da ƙarfinsu, su iso daidai inda maganar za ta yi daɗi, sai su tsaya. Wadda ta fi kowa wannan hali ita ce Lamba Ashirin da Tara, mai ƙaramar murya, wadda takan ce, "Wannan makon mun koyi tsara darasi. Yana da muhimmanci sosai. E." Daga nan sai shiru, sai numfashi, sai ƙarar wata ƙofa can nesa.

A muryoyin makonnin farko gyara kawai Gwaggo ta yi: ta share "am" da "wato", ta miƙe jimlolin da suka karkace. Da ta iso mako na huɗu, Lamba Ashirin da Tara ta ce, "Yau wata yarinya ta yi mini tambaya a aji, ban san amsar ba, sai na ji kamar…" Ta yi shiru. Gwaggo ta jira daƙiƙa biyar, ta jira goma. Inuwar ganye tana lilo a kan teburi. Ta danna ta tsayar da muryar, yatsunta suka ci gaba: kamar an buɗe mini ɗakin da na daɗe ina share ƙofarsa ban taɓa shiga ba. Ta karanta, ta ga ya zauna daidai jikin yarinyar. Ta wuce zuwa Lamba Talatin.

Daga ranar hanya ta buɗe. Duk wanda ya tsaya, ta tsayar da muryarsa ta ƙarasa masa. Kuma da yake kullum ƙara saninsu take yi, ƙarashen yana ƙara tsawo. A mako na shida jimla ɗaya ce, a na goma har sakin layi yakan kai. Ta ba mai jariri tunani a kan haƙuri. Ta ba 'yar tashar bas tunani a kan gaggawa da abin da mai sauri yake bari a baya. Lamba Huɗu kaɗai ta ƙyale, don shi ba ya barin gurbi. Shekara arba'in tana tara maganganun da ba wanda ya tambaye ta, ga shi an buɗe mata ɗakunan da za ta zuba su. Ba ta taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan zangon ba. Har maigida ya lura tana dawowa gida da 'yar waƙa a baki, ya tambaya ko an canza mata kujera ne.

Ta miƙa aikin, watanni huɗu suka wuce. Wata ranar Talata Malama Ƙarama ta faɗo ofis ko gaisuwa ba ta gama ba, riƙe da takarda. A kanta an zana wani layi da yake hawa kamar matakala.

"Gwaggo, duba nan. Na auna kowane rubutu a mataki huɗu: wanda ya ba da labari kawai, wanda ya kawo dalili, wanda ya tuhumi kansa, da wanda ya canza yadda yake yi. A makon farko kusan duk suna mataki na ɗaya. A na sha biyu fiye da rabi sun kai na uku. Farfesan da yake duba aikina ya ce bai taɓa ganin sakamako mai tsabta haka ba."

"Madalla. Allah ya ƙara basira."

"Mutum ɗaya ne bai motsa ba, Lamba Huɗu. Shi kam ko a jikinsa." Ta zauna a kujerar baƙi, ta buɗe kundin. "Saurari wannan. Lamba Ashirin da Tara ce a mako na tara, da shi zan buɗe babi na biyar. 'Na gane cewa malami kamar mai ɗinki ne da idonsa ya fara dushewa: ba ya ganin zaren, amma hannunsa ya san inda allura za ta fito, kuma tsoronsa shi ne ranar da hannun ma zai manta.' Gwaggo, yarinyar da a makon farko ba ta iya haɗa jimla biyu."

Gwaggo ta san jimlar. Ta san hannun da ake magana a kai, har da tabon allura a babban yatsansa.

"Ta iya magana," ta ce.

"Shi ya sa na dage a kan ƙa'idojin nan. Duk aikin a kan abu ɗaya yake tsaye: kalmominsu ne, ba ƙari ba ragi. Na ma yi mamaki ban ga kin sa alamar shiru ko ɗaya ba, yaran yanzu akwai baki. Da wani ne ya buga, da sai na bi na saurara ɗaya bayan ɗaya. Amma ke ce." Ta rufe kundin ta rungume shi. "Nan da mako uku zan kare shi a gaban masu jarrabawa."

Ta fita tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Gwaggo ta ɗaga butar shayi. Takardar ta yi zobe mai ruwan ƙasa a tsakiya, amma layi na farko yana karantuwa: kada a gyara, kada a ƙara, kada a ƙarasa. Layi na biyu: idan mai magana ya yi shiru, a jira, a rubuta tsawon shirun.

Ta zauna ta juya abin a hankali. Masu jarrabawa takarda suke karantawa, ba wanda zai zauna ya saurari muryoyi ɗari huɗu da tamanin. Idan ta kama bakinta, yarinyar za ta zama Dakta nan da mako uku, ita kuma ta tafi ritaya da sunanta fes. Idan ta yi magana, matakalar nan za ta rushe, da aikin yarinyar na shekara uku a kanta. Garin gyaran gira ta tsone ido, kuma ba nata idon ba.

Da yamma ta tarar da maigida a bakin ƙofa, ya kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau yana neman abin da yake damunsa. Ta ajiye jaka ta zauna a gefensa.

"Maigida, na yi wani abu a ofis, na…"

Ta tsaya. Ya ɗago, sukudireba a hannu, ya jira. Fuskarsa irin ta mutumin da aka miƙa wa tuƙi bayan shekara talatin a kujerar baya, bai kuma san hanyar ba.

"Ƙarasa mana, uwargida. Ni ban iya ba, ba a bar ni na koya ba."

Ta gaya masa duka. Ya saurara har ƙarshe, ya sosa gemu.

"To mene ne sabo a ciki? Farfesoshi tara kika yi wa, har ɗaya ya samu lambar yabo."

"Su suna karantawa su sa hannu. In sun sa hannu ya zama nasu. Yaran nan ba su ga abin da na ce sun ce ba."

"Ai daraja kika ƙara musu."

"Ba darajarsu ake aunawa ba. So take ta san ko wayar nan tana sa su tunani. Yanzu ni ta auna."

"To ke wayar ta sa ki tunanin?"

"Kai dai ba a maganar kirki da kai."

Ya sa wani ɗan ƙarfe a cikin rediyon, ya ga ba wurinsa ba ne, ya ciro. "Na taɓa ɗauko malamai zuwa taro, na wuce kwanar da ya kamata in shiga. Suna ta hira, hanya ta yi kyau, ga iska. Sai da na yi tafiyar rabin awa ina cewa bari in yi shiru, ƙila wannan hanyar ma ta ɓulle."

"Ta ɓulle?"

"Ta ɓulle mana. A wani garin."

"Suka zage ka?"

"Malamai ba sa zagi. Shiru suke yi maka, irin mai digiri."

Kwana biyu tana ɗauke da maganar. Da hannunta ta buga wasiƙar gayyatar mai jarrabawa daga waje, da rana da lokaci da lambar ɗaki. Tana bugawa tana hango yarinyar cikin rigar yaye, hular ta ɗan karkace, uwarta a layin gaba tana share ido. Hoton ya yi kyau, sai dai duk lokacin da yarinyar ta buɗe baki za ta yi godiya, muryar Gwaggo ce take fitowa.

Ranar Juma'a da safe ta je ofishin Malama Ƙarama da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, riƙe da takardar mai zobe. Ba ta zauna ba.

"'Yar nan, jimlar mai ɗinki ba ta yarinyar ba ce. Tawa ce. Babana ne mai ɗinkin."

Malama ta yi murmushin wanda yake jiran ƙarshen wasa.

"Ba ita kaɗai ba. Duk inda suka tsaya, ni na ƙarasa. Tun daga mako na huɗu."

"Duk?"

"Ban da Lamba Huɗu."

Malama ta cire tabarau ta ajiye a kan kundin. Ta kalli bango, inda ta manna zanen matakalar da salatif. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi ɗaya daga ciki, da Gwaggo ta san abin yi.

"Na gode da kika faɗa mini, Sakatariya," ta ce.

Shekara goma sha ɗaya da saninsu, ba ta taɓa kiranta da sunan aikinta ba.

Aka je wurin shugaban sashe. Ya saurara, ya haɗa yatsu, ya ce, "Wannan lamari ne mai matuƙar… wato a ƙa'idar bincike, abin da ya kamata shi ne…" Ya juyo ya dubi Gwaggo kamar yadda ya saba. Ta dubi ƙasa. Jimlar ta tsaya a iska, fanka tana ta zagaya ta. A ƙarshe ya ce a ɗaga kare kundin zuwa zango mai zuwa, a sake buga komai daga farko, kuma Malama ta zauna su saurara tare. Da kansa ya kai ƙarshen wannan. Ya fito gajere, amma an gane. Batun hukunci bai taso ba, don duk wanda zai rubuta takardar tuhuma, Gwaggo zai kawo wa ta buga.

Suka fara ranar Litinin. Malama ta kawo kujerarta ofishin mai taga guda, suka raba abin saurare, kowa kunne ɗaya, kamar 'yan makaranta a bas. Magana ba ta wuce ta aiki. Gwaggo ta koyi buga "am" da "wato", ta koyi barin jimla a karkace, ta koyi kallon agogon kwamfuta tana rubuta: shiru, daƙiƙa goma sha huɗu. Idan shiru ya zo takan janye hannuwanta ta danne su a cinya, don sun fi ta taurin kai. Ba ta taɓa sanin daƙiƙa ashirin tana da tsawo haka ba. Yawancin shirun ba ya haifar da komai: yaro ya ja numfashi, ya ce "shi ke nan dai", ya kashe. Sai ta goge abin da ta rubuta masa a da. Haƙurin mai jariri ya tafi, gaggawar 'yar tashar bas ta tafi, ɗakin da ake share ƙofarsa ya tafi. Warwarar ɗinki ta fi ɗinki cin rai, wannan ta san shi tun tana yarinya. Matakalar kuwa kullum sai ta rasa taki, kafin su yi mako uku suna aikin ta kwanta kamar titi a fili. Lamba Huɗu, wanda da shi ne na ƙarshe, ya wayi gari a tsakiyar aji ba tare da ya yi komai ba.

Ranar da suka iso mako na tara an yi ruwa da safe, bishiyar tana ɗiga a jikin taga. Lamba Ashirin da Tara ta fara: "Wannan makon na sake tsayawa gaban aji. Na gane cewa malami…" Ta yi shiru. A nan ne Gwaggo ta tsayar da ita wancan karon. Yatsanta ya ɗaga da kansa ya nufi madanni, Malama ta riƙe mata hannu ba tare da ta dube ta ba.

Daƙiƙa ashirin. Talatin. Famfon ɗakin yarinyar yana ɗiga, bishiyar waje tana ɗiga, har Gwaggo ta kasa rarrabe wanne ne a kunnenta na dama, wanne ne a na hagu. Wani ya wuce da babur a wata unguwa, watanni da yawa da suka shige. Hamsin. Sittin. Ta fara tunanin ko yarinyar ta manta da wayar ne ta tafi sha'aninta. A daƙiƙa ta saba'in da ɗaya ƙaramar muryar ta dawo, kusa da wayar sosai.

"Ni dai ban iya cewa ban sani ba a gaban yara. Sai in ƙirƙiro amsa. Yau ma na yi. Gobe zan koma in gaya musu ba daidai ba ne."

Aka ji ta ja hanci, ta kashe.

Malama ta saki hannun. "Buga," ta ce. Gwaggo ta buga harafi-harafi, da shirun da tsawonsa. Suka karanta tare.

"Nawa ya fi kyau," in ji Gwaggo.

"Ya fi kyau." Malama ta jawo takardar ma'auninta, ta duba, ta sake dubawa. "Naki mataki na uku na ba shi. Wannan na huɗu ne."

"Wannan 'yar maganar?"

"Ta ce za ta koma." Ta mayar da tabarau. "Daga nan zuwa mako na sha biyu, nawa kika tsayar kafin su ƙare?"

"Duk wanda ya wuce daƙiƙa goma."

"To akwai aiki, Gwaggo. Sa na gaba."

Daga mako na tara zuwa na sha biyu suka samu irin wannan guda goma sha ɗaya, daga ɗalibai bakwai, kowanne a bayan shirun da ya wuce minti ɗaya. Bakwai cikin arba'in ba matakala ba ce. Ɗan tudu ne, irin wanda mai keke kaɗai yake ji a ƙafarsa. A kansa Malama ta sake gina babi na biyar, ta kare shi a zangon da ya biyo baya, kundin ya rame da shafi sittin. Mai jarrabawa daga waje ya ce sakamakon ba shi da girma amma ya yarda da shi, sannan ya tambayi wanda ya yi haƙurin zama ya ƙirga shirun nan duka. Malama ta ce sakatariyar sashen ce. Ya girgiza kai, ya ce ma'aikata masu bin ƙa'ida irin wannan sun yi ƙaranci. Malama ta ce gaskiya ne, ita ma ɗaya kawai ta sani, kuma saura wata biyu ta tafi.